Wat 200 a Aljihun Yaro

Sana'ata gyaran waya da rediyo da fitilun sola, a wata 'yar rumfa da ke bakin titin Kano zuwa Daura a cikin garin Kazaure. Shekara 11 ke nan ina wannan aiki, kuma babban abin da ya koya mini shi ne kada in gaskata rubutun da ke jikin kwali sai na kwance na'ura na ga cikinta. Ɗan kasuwa ne ke rubuta kwali, cikin na'ura kuwa bai iya ƙarya ba.

Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasarmu ke haura digiri 40, sai ga ɗan yayata daga Roni, yaro ɗan shekara 19. Ya zauna a benci har mutane suka ragu, sannan ya zaro wani abu daga aljihun wandonsa, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Kawu, don Allah duba mini wannan, in na danna sai ta ɗauki zafi. Amma kada Umma ta ji.” Girmanta bai wuce na sabulun wanka ba, da ɗan gilashi mai nuna lambobi a gabanta, da tanki a samanta cike da wani ruwa mai ƙamshin mangwaro. Sigarin lantarki ce, babbar, irin wadda masu harkar ke kira mod, ba siririyar nan da samari ke ce wa shisha fen ba. A gefenta an rubuta wat 200. Kuɗin riɗin da ya noma da damina ya kwasa ya saye ta a hannun wani abokinsa, yana ta murna wai ya yi tsintuwa.

Na ɗauko sukundireba na kwance ta a gabansa. Abin da na gani shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ina da'awar cewa araha da ƙarfi, abubuwa biyun da ake tallar wannan na'ura da su, su ne ainihin illarta, kuma shirun da muka yi a kanta a wannan yanki namu ganganci ne.

Ƙirarta ba ta da wuyar ganewa. Akwai batir biyu na litiyam, irin waɗanda ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu kuma 65. Akwai fanel mai sarrafa wuta. Akwai naɗaɗɗiyar waya da aka cusa wa auduga, audugar na tsotso ruwa daga tanki. In an danna maɓalli, wuta ta bi wayar, wayar ta yi zafi, ruwan ya zama tururi, mai sha ya zuƙa. Ruwan kuwa haɗin gilisarin ne da firofilin gilaikol da kayan ƙamshi da nikotin, sinadarin nan da ke ɗaure mashayin taba ga tabarsa. A taƙaice dai murhu ne, an ƙanƙanta shi har ya shiga aljihu.

To, mene ne wat 200? Ƙwan lantarki na zamani da muke haska ɗaki da shi wat 10 yake ci. Ashe ke nan ƙarfin da zai haska ɗakuna 20 ake tattarawa a kan wayar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, tazararta da leɓen yaro bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Lissafin da kowane ɗan koyon aikin wuta ya sani zai ƙara fayyace al'amarin. In batir biyu za su ba da wat 200, kowanne sai ya ba da 100. Batirin na aiki ne a kan bolt 3.7, saboda haka sai an zuƙe kimanin amfiya 27 daga cikinsa, in caji ya yi ƙasa kuma abin ya haura 30. Batir mai inganci na wannan girma, wanda manyan kamfanoni suka ƙera domin aiki mai nauyi, yawanci amfiya 15 zuwa 30 yake iya jurewa. Wato ko da sabon batir na asali, na'urar a bakin gaɓa take tafiya.

Me na tarar a cikin ta ɗan yayata? Batir ɗaya an ciro shi ne daga tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, ledarsa ta yage a kai. Irinsa an yi shi ne domin ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, mafi yawansu ba sa jure abin da ya haura amfiya 10. Na biyun na tocila ne, an buga masa lambar 9,900 a matsayin yawan cajin da yake ɗauka, alhali babu batirin wannan girma a duniya da ya kai 5,000. Wayoyin ciki sirara ne, dalmar da aka liƙa su da ita ta dushe, robar murfin kuma ta fara narkewa. Ba laifin yaron ba ne shi kaɗai. Irin wannan na'ura galibi ba ta zuwa da batir, mai saye ne ke nemo nasa, kuma abin da ke kusa da hannunsa a Roni ko Gwiwa shi ne na tocila da na fitilar sola.

Ga tsaka mai wuyar da mai saye ke ciki. In lambar 200 ɗin nan ƙarya ce, an cuce shi, ya biya kuɗin abin da bai samu ba. In kuma gaskiya ce, cutar ta fi girma, domin an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kamfanin da ya ƙudurta sayar da babban ƙarfi a kan ƙaramin kuɗi dole ya rage wani abu, kuma ba zai rage fenti da fitilu masu walƙiya ba tunda su ne ido ke gani. Abin da ke ɓoye yake ragewa: kaurin waya, ingancin fanel, da gwajin da ya kamata a yi kafin kaya su bar masana'anta.

Za a ce da ni ai fanel na da matakan kariya, yana yanke wuta in wayoyi suka haɗu, ko zafi ya yi yawa, ko an daɗe ana danna maɓalli. Haka ne, kuma na yarda cewa wannan ya fi babu. Amma fanel bai san tarihin batirin da aka sa masa ba, bai san ledarsa ta yage ba, kuma ba ya nan lokacin da yaro ya jefa batirin ajiya a aljihu ɗaya da makullin babur da tsabar ƙarfe. Batirin litiyam in ya wuce iyakarsa ba mutuwa yake yi shiru kamar na rediyo ba. Zafi ke haifar da zafi a cikinsa har ya fashe da wuta. Wani bincike da mujallar Tobacco Control ta buga a 2018 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2017 an kai mutum 2,035 sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda ƙuna ko fashewar sigarin lantarki. A watan Mayu na 2018 irin wannan fashewa ta kashe wani mutum a jihar Fulorida, a Janairun 2019 ta kashe wani saurayi a Tekzas. Wannan fa a ƙasar da ake samun batir na asali a shago, ake da motar asibiti a bakin ƙofa. Mu kuwa a wajen ɗan caji muke ɗora kayanmu, a kan janareto mai wuta na hawa da sauka, a cikin rumfar kwano da rana tsaka. Wanda ya ƙone ƙwarai a cinya ko fuska a wani ƙauye na Gwiwa sai an biyo da shi ta Kazaure, wataƙila har Kano. Wa zai biya?

Mu bar batir, mu koma kan tururin. Babban ƙarfi ba ya da wata fa'ida illa ƙone ruwa mai yawa cikin ƙanƙanin lokaci domin a fesar da gajimare a burge abokai. Shi ya sa ake haɗa wa manyan na'urori ruwa mai ƙarancin nikotin, miligiram 3 zuwa 6 a kowace mililita. Ƙananan na'urori kuwa ruwansu kan kai miligiram 20 har 50. Kwalbar da ɗan yayata ya nuna mini 50 aka rubuta a jikinta, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa ba ta wannan tanki ba ce. Da na tambaye shi ko yana jin jiri da tashin zuciya, sai ya yi dariya ya ce ai shi ne daɗin. Tarayyar Turai ta hana sayar da ruwan da ya wuce miligiram 20. Masana lafiya kuma sun nuna cewa ƙwaƙwalwar ɗan'adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin na taɓa wannan gini. Bugu da ƙari, in waya ta yi zafi fiye da kima audugar ta bushe, ruwan kan rikiɗe ya fitar da fomaldihaid, sinadarin da ake samu a ruwan adana gawa.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare wannan na'ura ke kawowa ita ce ta fi sigari sauƙin illa. Ba zan yi musun abin da ke da tushe ba. Hon Lik, masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin da ya ƙirƙiro sigarin lantarki ta zamani a 2003, shi kansa mashayin taba ne, kuma cutar dajin huhu ce ta kashe mahaifinsa. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce illarta ta gaza ta sigari da kimanin kashi 95 cikin ɗari, ko da yake masana da dama sun soki wannan adadi. Amma wa ake yi wa wannan magana? Dattijon da ya shekara talatin yana zuƙar taba ya kasa bari. Ɗan yayata bai taɓa sa karan sigari a bakinsa ba, domin ya san warinta zai tona masa asiri a gida, kuma ya san sunan da ake kiran mashayi da shi a garinmu. Ƙamshin mangwaro ne ya buɗe masa ƙofar da kunya ta rufe. Tsanin da aka kafa domin wanda ya faɗa rijiya ya fito, shi ne yaranmu ke bi suna sauka.

Sannan a dubi yadda masu abin ke yi da abinsu. Mafi yawan waɗannan na'urori a birnin Shenzhen na ƙasar Sin ake ƙera su, amma tun 1 ga Oktoba, 2022, Sin ta haramta sayar da masu ɗanɗanon kayan marmari a cikin gidanta, ta bar ƙofar fitarwa waje a buɗe. Indiya ta haramta sigarin lantarki baki ɗaya a 2019. Ingila ɗin da ake kafa hujja da ita ta hana sayar da na amfani-ka-yar daga 1 ga Yuni, 2025. In mai tuwo ya hana 'ya'yansa cin tuwon da ya tuƙa ya miƙo maka, ai ka tsaya ka yi tunani.

Mu fa? Muna da Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015, da ƙa'idojinta na 2019. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana sayar da sigari kara-kara. Sai dai da ganyen taba a zuci aka tsara ta. Ba ta fayyace iyakar ƙarfin na'ura ba, ko ingancin batir, ko yawan nikotin a ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kazaure gari ne na ɗalibai, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga cibiyar koyon fasahar sadarwa ta jiha. Babura, a bakin iyakar Nijar, ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Duk inda matasa suka taru ɗan kasuwa na biye, kuma abin da ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai yau, gobe yana dandalin ƙauye. Bayan ta ɗan yayata, na'urori uku irinta sun zo teburina, ɗaya daga Babura aka kawo ta.

Mun taɓa yin irin wannan barci. Shekara da shekaru kwalaben maganin tari mai kodin na zube a kwatocinmu muna tsallakewa, sai da BBC ta fitar da rahoton bincikenta a 2018 sannan gwamnatin tarayya ta hana shi. Kodin ma yana da kwalbar da uwa za ta gane. Wannan kuwa uwa za ta gan ta a jikin caji ta ɗauka ma'ajiyar wutar waya ce, ta ji ƙamshi a ɗaki ta ɗauka turare ne.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Majalisar tarayya ta gyara dokar 2015 ta ambaci wannan na'ura da sunanta, ta sa iyakar nikotin, ta hana kayan ƙamshin da ke jan yara. Hukumar SON ta sa ido a kan batiran litiyam masu lambobin ƙarya, domin su ne kuma a cikin tocilolinmu. Majalisar dokokin Jigawa kada ta jira Abuja. Hakimai da dagatai da limamai da shugabannin makarantu a nuna musu na'urar ido da ido, su riƙe ta a hannu, domin ba a tsawatar a kan abin da ba a sani ba. Mu kuma masu gyara, da 'yan caji, mu ne muka fara ganinta kafin kowa, mu daina karɓar kuɗin gyaranta.

Ban gyara ta ɗan yayata ba. Na cire batiran na sa su a gwangwanin yashi, na mayar masa da kwankon. Ya ce, “Kawu, kuɗin riɗina fa ke nan gaba ɗaya.” Na ce na sani. Da yamma na hau babur na tafi Roni na gaya wa mahaifiyarsa, duk da roƙon da ya yi mini. Wata biyu bai gaishe ni ba. Da ya dawo, ba a kan kuɗin ya yi magana ba. Cewa ya yi tun ranar da ya rabu da ita ba ya iya barci sosai, ransa na ɓaci ba dalili, kuma sau biyu yana tsayawa a gaban mai tireda yana kallon kwalin sigari. Har yanzu muna fama, shi da ni da uwarsa.