Kada Tarihi Ya Ƙare a Hannun 'Yan Gwangwan

Abin takaici ne tsofaffin gilasan kyamara masu jawo nesa kusa, irin waɗanda aka ɗauki Hawan Daushe da su a zamanin fim, su ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan. Duk magajin da ya tsinci Vivitar cikin adakar mahaifinsa a Yakasai, ya fara duba lambar jikinsa. Kamfanin na Amurka ne, amma kwangilar ƙira ya riƙa bayarwa Japan: lamba mai farawa da 22 aikin Kiron ne, 28 Komine, 37 kuwa Tokina. A galibin na 1970 zuwa 1990, harafi na uku shi ne ƙarshen shekarar ƙira. Lalle ya kyautu magada su miƙa irinsu Gidan Makama, haɗe da hotunan da suka ɗauka. Da tsohuwar zuma ake magani.