Lambun Gida: Babban Itace Cikin Kasko

A wannan wata za mu bar tumatir da alayyafo su huta, mu duba wani aikin lambu da ba don miya ake yinsa ba. Mutanen Japan suna kiransa bonsai, watau abin da aka dasa a cikin kasko. Sukan reni itace irin na daji a cikin kasko marar zurfi, har ya tsufa ya yi gindi da rassa kamar na bakin kasuwa, amma yawanci tsawonsa ba ya kai ƙugun mutum.

Daga ƙasar Sin suka koyo. A can akwai zanen irin waɗannan kasake a bangon kabarin wani ɗan sarki, tun shekara ta 706. Amma mutanen Japan ne suka riƙe aikin har duniya ta san shi da sunan da suka ba shi. Tun 1934 suke yin babban nuni na waɗannan itatuwa a birnin Tokyo.

Waɗansu suna tsammani wani iri ne na wadan itace. Ba haka ba ne. In ka ɗauki ƙwaya daga jikinsa ka shuka a gona, ƙaton itace za ka samu. Saboda haka in wani ya ce zai sayar maka da "irin bonsai", riƙe kuɗinka. Ba kuwa da yunwa ake hana shi girma ba. Ana rage masa saiwa, ana datse tohonsa, ana ba shi ruwa da taki a kan kari. A hankali sai ganyensa ya ƙanƙance. 'Ya'yan ne kaɗai ba su cika yarda ba, shi ya sa za ka ga ɗan itacen rumman ɗauke da ɗa wanda ya kusa rinjayar reshe.

Akwai wani itace a lambun gwamnati na birnin Washinton, a Amurka, irin na ƙasashen sanyi mai ganye kamar allura. An fara renonsa a 1625. Iyalin Yamaki na Hiroshima suka riƙe shi, uba ya bar wa ɗa. Sa'ad da aka jefa bam a birnin a 1945, yana gidansu, kamar mil 2 daga inda bam ya fashe, a jikin katanga, bai kuwa mutu ba. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi cikin itatuwa 53 da Japan ta yi wa Amurka kyauta don bikin cika shekara 200 da samun mulkin kai. Masu lura da shi ba su san labarin bam ba sai a 2001, da jikokinsa suka zo duba shi. Mutane sukan yi mamakin bam ɗin. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shekara 400 ba a taɓa mantawa da shi ba har ya bushe. Itacen da ke ƙasa yakan miƙa saiwa ya nemi ruwa da kansa. Na kasko kuwa, in an manta da shi kwana uku cikin zafi, ya tafi ke nan.

To, wanda ke so ya gwada fa? Kada ya sa ransa ga itatuwan Japan, gama yawancinsu sai sun sha sanyi mai tsanani kowace shekara, bazararmu kuwa za ta kashe su. Muna da namu. Ceɗiya da durumi su ne mafi sauƙi, sanda kawai za a yanko a kafa da farkon damina. Tsamiya tana da ƙananan ganye tun asali, ita ce zaɓina. A jiƙa ƙwayarta ta kwana, sa'an nan a shuka. Kuka ma tana yi, sai dai a kankare bayan ƙwayar kafin a jiƙa.

Kada a yi hanzarin sa shi a kasko. A bar shi shekara 2 ko 3 a babbar tukunya domin gindi ya yi kauri, gama cikin kasko ba ya ƙara kauri sosai. Sa'an nan da faɗuwar damina a tumɓuke shi a hankali, a yanke doguwar saiwar nan ta tsakiya, a bar ƙananan gefe. Kaskon kuwa lalle ya zama da huji a gindi, a rufe hujin da tsingaro. A nan ne da yawa sukan yi hasara, domin sukan ɗebo laka su cika kasko, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. A haɗa yashi mai tsakuwa, da farfasasshen jan bulo, da ruɓaɓɓen taki kaɗan, yadda in an zuba ruwa zai fita nan da nan.

Kowace safiya a sa yatsa a taɓa ƙasar. In saman ya bushe a zuba ruwa har ya ɗiga ta huji. Da bazara, ko sa'ad da iskar hunturu ke busawa, sai an duba sau biyu. Kuka ce dabam. In ta zubar da ganye da rani, a janye mata ruwa kusan ɗungum, in ba haka ba gindinta zai ruɓe. Wurinsa a waje ne, inda zai sami hantsi ya kuma tsere wa ranar azahar, a bisa benci don gara da awaki. Akuya ba ta san aikin shekara biyar ba.

In reshe ya yi ganye shida ko takwas, a datse a bar biyu ko uku. In ana so a lanƙwasa shi, a naɗe shi da wayar jan ƙarfe a karkace, a kuma cire kafin ta ci ɓawo, musamman a jikin ceɗiya mai saurin kumbura. Bayan kowace shekara 2 a fid da shi a rage kashi ɗaya cikin uku na saiwar, a sabunta ƙasa. Ku bar yara su riƙe almakashi. Na lura a aji, yaron da ya taɓa datse reshe ya ga sabon toho ya fito, ba ya bukatar dogon bayani in mun zo Yohanna sura 15.

Abu guda za a shirya tun ba a kafa sanda ba, shi ne wanda zai ba da ruwa ran da maigida ba ya nan. Yawancinmu mukan tafi gida da Kirsimati, daidai lokacin da iska ta fi bushewa. In ba maƙwabci mai aminci, a binne kaskon har baki cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Wannan zai riƙe shi 'yan kwanaki, amma ba mako biyu ba.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan renon 'ya'yan mangwaro.