Tattalin Wuta Da Ruwa A Jami'o'i: Wa Ke Faɗa, Wa Ke Yi?

Duk ɗan Arewa da ya taɓa yin gadi ko shara a wata jami'ar Kudu ya san wannan al'amari da idonsa. Ana tashi daga aiki da yamma, manya su kulle ofis su tafi, su bar fitilu a kunne, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani har gari ya waye. Famfo ya yi wata guda yana zuba, kowa ya tsallake ya wuce. Sa'an nan a kira babban taro a kan sauyin yanayi, a tada janareto, a raba ruwan roba, shehunan malamai su karanta ƙasidu, a tafa, a watse. Mai tsintsiya ne zai zo ya kwashe robobin.

Cutar da ke damun ma'aikacin jami'a ita ce tsohuwar cutar nan ta "kayan gwamnati ba na kowa ba ne". Malami yana ganin tattali darasi ne na koya wa ɗalibai. Akawu kuwa cewa zai yi wannan aikin sashen gyare-gyare ne, su kuma 'yan sashen su ce ba a sako kuɗi ba. Kowa ya yarda tattali abu ne mai kyau, muddin wani ne zai yi shi.

To, ranar biya ta zo. A watan Afrilu 2024 aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin Band A, ya ninka fiye da sau uku, ya kai Naira 225 kowane ma'auni. A watan Agusta na shekarar aka yanke wa Jami'ar Legas wuta saboda bashi. Asibitin Koyarwa na Ibadan kuwa, daga Oktoba 2024 ya yi fiye da kwana 100 a cikin duhu, majinyata suna kwance. Ba wanda zai ce fitilar da aka bari a kunne ita kaɗai ta jawo wannan, gama ƙarancin kuɗi daga gwamnati shi ne uwar matsalar. Amma wanda rijiyarsa ke ƙafewa ba ya barin gugansa yana yoyo.

Ma'aikata za su ce albashi bai isa ba, an riƙe musu haƙƙi, da wane ƙarfi za su damu da famfo? Kukansu gaskiya ne. Sai dai kuɗin da ke tafiya wajen sayen man dizal daga aljihun da ake jiran alawus yake fita.

Abin takaici, masu tattalin na ainihi su ne ba a gayyata taro. Mai gadin da ya baro gonarsa saboda fari ya san darajar ruwa fiye da mai digiri uku. Ɗan ga-ruwa ya san nauyin jarka, ɗan gwangwan kuma ya daɗe yana tsince ƙarfe da roba kafin a ƙirƙiro wa aikin suna da Turanci. Amma su ne ake kora daga bakin ƙofa kamar ɓarayi.

Hanya a buɗe take. A 2019 aka buɗe tashar lantarki ta hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, amma ko irin wannan tasha sai da hannun da zai kula da ita. Ya kamata kowane sashe a sa masa mita, a liƙa lissafin wata a bango kowa ya gani. Ƙungiyoyin ASUU, SSANU da NASU su sa maganar tattali cikin buƙatunsu, a kuma ba ƙananan ma'aikata kujera a kwamiti, da ladan abin da suka ceto. 'Yan Arewa mazauna Sabo a Ibadan da Idi-Araba a Legas kuma, 'ya'yansu na cikin waɗannan makarantu, kuma duk ɓarnar da aka yi, a kuɗin makaranta za ta fito. Su tambayi hukuma ina lissafin yake.

Allah ya sa masu kunne su ji.