Tanderun Bayan Gida: A Fara da Lissafin Makamashi

Bidiyon tanderun fiza ya cika wayoyin matasa: ƙaramin gini mai tulluwa, an jera shi da jan bulo, wuta na lasar rufinsa ta ciki. A birnin Napoli na ƙasar Italiya zafin irin wannan tanderu yakan haura digiri 430, fiza ta gasu cikin minti ɗaya da rabi, har hukumar UNESCO ta sanya sana'ar cikin kayan gadon duniya a 2017. Saurayin Dambatta ko Bichi da ya gani ya ce shi ma sai ya gina a bayan gida bai yi laifi ba. Ya gina ɗin. Sai dai kafin ya sayi bulo ko ɗaya, ya fara tambayar kansa abin da zai riƙa hurawa.

A wannan yanki gona na manne da gona, kuma kowace bishiya da mai ita. Gawo taki ne ga ƙasa, 'ya'yansa abincin awaki. Ɗorawa tana ba da kalwa. Kuka tana ba da miya. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna manoman kewayen birnin suna tattalin itatuwansu, sassabe rassa suke yi, ba sarewa daga tushe ba. Karan dawa ma ba na banza ba ne: da shi ake danni, da shi ake girki. Tanderun da zai cinye dami guda don gasa fiza biyu ɓarna ce a irin wannan wuri.

Masu gurasar Kano sun daɗe da sanin haka. A Jakara da sauran unguwannin cikin birni, mace takan hura kara a tanderun yumɓu, ta bari wutar ta faɗa, sannan ta ɗebo kwaɓin da hannu ta manna a jikinsa ta rufe. Zafin da yumɓun ya riƙe shi ke yin gashin. Wannan shi ne ilimin da mai ginin farko ya fi buƙata, kuma wajen waɗannan mata da masu ginin tukwane na Dawakin Tofa zai same shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne siminti. Ba ya jure wuta, yana tsagewa ya zube. Laka mai yumɓu da aka cuɗa da yashi ita ce ta dace da haɗa bulo. A ƙarƙashin daɓen a shimfiɗa toka ko kwalabe cikin yashi, don kada ƙasa ta shanye zafin. A saman tulluwar a lafta wata lakar mai kauri da aka kwaɓa da ƙaiƙayi ko buntun shinkafa. Ita ce rigar da ke tsare zafi. Ƙofa kuma tana da awo: idan tsayin ciki santimita 40 ne, tata ta kasance kamar 25. Ta fi haka, zafi ya tsere. Ta gaza, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya turnuƙe gida.

Sai haƙuri. A gina bayan kaka, a rufe da buhu kada iskar hunturu ta busar da shi farat ɗaya, a yi kwanaki ana hura ƙaramar wuta kafin babba. A yi masa rumfa kafin damina, a kuma nisanta shi da danni da rumbu.

Cuku irin na Italiya yana da tsada, kuma kai shi ƙauye babu firiji wahala ce, don haka tanderun da aka gina wa fiza kaɗai zai zama kayan ado. Ribarsa tana ga hurawa ɗaya da za ta yi aiki uku: gurasa da fiza yana kan ganiyarsa, burodi idan ya ɗan huce, dankali da gyaɗa a ƙarshe. Maƙwabta su kawo nasu kwaɓin, kowa ya kawo ɗan karansa, musamman da azumi lokacin da kasuwar gurasa ke ci. Wanda bai shirya wa irin wannan amfani ba, gara ya sayi tanderun yumɓu a kasuwa ya bar bishiyar gonarsa a tsaye.