Tsohon kare ya sauya hali: gigin tsufa ne ko ciwon hauka?

A ƙasar Zuru kare ɗan gida ne. Yana gadin gida da gona, yana bin maharba daji, yara kuma suna tashi tare da shi. Shi ya sa binciken da ake yi a ƙasashen waje kan yadda hali da ƙwaƙwalwar kare ke sauyawa da shekaru ya shafe mu, musamman yanzu da ake tunkarar 2030, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka sa gaba don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare.

Abin da binciken ya nuna

Kare ma yana gigin tsufa. A ƙwaƙwalwar tsofaffin karnuka an ga taruwar wani sinadari mai suna amiloyid, irin wanda ake gani a masu cutar mantuwa ta Alzheimer. A Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budafes, a ƙasar Hangari, ana gwada karnukan gida ta hanya mai sauƙi: a koya wa kare inda abinci yake, in ya saba sai a sauya wurin. Ƙaramin kare kan gane da wuri, tsoho kuwa yakan yi ta komawa tsohon wurin.

A Amurka, wani shiri mai suna Dog Aging Project ya fitar da sakamako a 2022 daga bayanan karnuka sama da 15,000. An gano cewa haɗarin gigin tsufa yana ƙaruwa da kusan kashi 52 cikin 100 a duk shekarar da kare ya ƙara, kuma ya ninka kusan sau shida a karnukan da ba sa motsa jiki. Binciken bai tabbatar da cewa zaman ne ke jawo ciwon ba, domin ciwon ma yana iya sa kare zama.

Alamomin su ne: kare ya ɓace a cikin gidan da ya sani, ya tsaya yana kallon bango, ya yi barci da rana ya kwana yana zagaye, ya yi fitsari inda bai saba ba, ko ya daina murnar ganin mai shi. Duk wannan yana zuwa a hankali, cikin watanni ko shekaru, kuma galibi ga karen da ya doshi shekara goma.

Inda haɗarin yake

A nan ne halinmu ya bambanta da na Turai. Karnukan da ke yawo a ƙauyukanmu kaɗan ne ke kai wa wannan shekaru, kuma da yawa ba a yi musu rigakafi ba. Don haka idan kare ya sauya hali, kada tsufa ya zama abin da za a fara zargi.

Ciwon haukan kare shi ma da sauyin hali yake farawa, sai dai cikin kwanaki. Kare mai sanyi ya zama mafaɗaci, yana cizon itace da ƙasa da duk abin da ya gifta, muryarsa ta sauya. Akwai kuma nau'in da mutane ba su cika sani ba: kare ya yi shiru, ya lafe a lungu, haɓarsa ta saki, yawu na zuba, ƙafafun baya su mutu. Wannan ne ake ɗauka tsufa ko ƙashi ne ya maƙale masa, har wani ya sa hannu a bakinsa. Yawun nan yana ɗauke da ƙwayar cutar.

Ma'aunin, ke nan, lokaci ne. Sauyin watanni yana iya zama tsufa, ciwon gaɓoɓi, kurumta ko raunin ido. Sauyin kwanaki a ɗauke shi haukan kare har sai likitan dabbobi ya ce ba shi ba ne. Tsufa ma ba kariya ba ne, tsohon kare yana kamuwa.

Idan an yi cizo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Kafin nan kuwa ana iya tare ta.

A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 nan take, ko da karce ne kawai, ko kare ya lashi rauni. Kada a shafa toka, barkono ko gashin karen. A tafi asibiti a ranar don fara allurar rigakafi, a kuma kammala ta. Idan an kama karen, a killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jinkirta allura ana jiran a ga yadda zai ƙare. Warkewar rauni ba ta nufin an tsira: cutar kan ɓuya wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shekara.

Masu fataucin karnuka da masu fiɗarsu su ƙara kula, domin bincike a Nijeriya ya samu ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka suna kamar lafiyayyu.

Abin da ya rage wa hukuma da magidanta

Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwar cutar tana yankewa. Ana yin allurar karnuka a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, kuma Zuru na da Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona da za ta iya taimakawa wajen ƙidayar karnuka da wayar da kai. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara dama ce ta gangami, amma maigida ba sai ya jira ta ba.

Shi kuwa tsohon karen da likita ya tabbatar tsufa ne ke damunsa, a ba shi wurin kwana ɗaya, abinci a kan lokaci da ɗan zagaye kullum. A hana yara tsokanarsa ko tashinsa daga barci, domin karen da ba ya ji ko gani sosai yana cizo saboda firgita. Ko cizon nasa ne, a wanke, a tafi asibiti.