Wayar da ba a gama ƙerawa ba

 Duk wanda ya san Madarunfa ya san cewa wayar salula a can ba kayan ado ba ce. Masuncin da ke tafki yana jin kuɗin kifi a kasuwar Maraɗi kafin ya fito daga ruwa, mai lambu a bakin gulbi yana kiran mai mota, ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya kuwa yana riƙe da layi biyu, na Nijar da na Najeriya. Tun da salula ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001 take wannan aiki. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta auna ta ga cewa daga 2001 zuwa 2006 zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ke nan, in wayar talaka ta mutu rana guda, abincin gida ne ya taɓu.

To amma akwai wata irin waya wadda masu ƙera ta da bakinsu suke cewa ba su gama ta ba, su kuma sayar da ita a haka. Ana yin ta ne domin masu rubuta manhaja, wato mutanen da sana'arsu ita ce tsara umarnin da na'ura ke bi. Manhajarta a buɗe take: kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ƙara, ya ba wani, ba tare da neman izinin kamfani ba.

Cikin irin waɗannan wayoyi, wadda ta fara yin suna ita ce Neo 1973, ta shirin Openmoko, wadda kamfanin FIC na Taiwan ya fitar a watan Yuli na 2007 a kan dalar Amurka 300. An raɗa mata wannan suna ne don tunawa da shekarar da Martin Cooper ya yi kiran farko da wayar hannu. Abin dariya a nan shi ne, wayar da aka sa wa sunan kiran farko, kiran ne ya fi ba ta wuya. Wanda ya saya yakan fara da sauke sabuwar manhaja daga intanet ya ɗora mata ta kwamfuta, sannan ya gwada ko za ta yarda ta buga lamba. Batir kuma ba ya kai yini, domin ba a gama koya wa wayar yadda za ta yi barci in ba a aiki da ita ba. Ƙanwarta Neo FreeRunner ta fito a 2008 a kan dala 399, ita kuma ta zo da nata ciwon: wani ƙugi da ke damun wanda ake magana da shi. Maganinsa sai an buɗe cikinta an liƙa wani ɗan mitsitsin ƙarfe da dalma, har masu ita a wasu biranen Turai sukan sa rana su taru a yi musu gyaran gaba ɗaya. A 2009 kamfanin ya dakatar da ƙera wadda za ta biyo baya.

Ba a daina ba. A farkon 2020 Pine64 ta aika wa masu saye da kashin farko na PinePhone, a kan kimanin dala 150, babu cikakkiyar manhajar aiki a cikinta, sai mai ita ya zaɓi wadda yake so daga dangin Linux ya saka da kansa. A ƙarƙashin murfin bayanta akwai ƴan maɓallai shida da mutum zai kashe kyamara, ko abin ɗaukar murya, ko rezo gaba ɗaya da su, kuma ana cire batirinta da hannu a sauya.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Madarunfa da wasan injiniyoyin Turai? Da ruwanta, domin irin wannan waya ta taɓa kamo hanyar ƙasar nan. Ƙungiyar Mozilla ta Kalifoniya, mai manhajar shiga intanet ta Firefox, ta ƙudura yin buɗaɗɗiyar manhajar waya mai suna Firefox OS, domin masu ƙaramin ƙarfi. Kamar yadda aka saba, masu rubuta manhaja aka fara ba: a watan Afrilu na 2013 wani ƙaramin kamfanin Sifen, Geeksphone, ya fitar da wayoyin gwaji biyu, Keon da Peak, suka ƙare cikin ƴan awoyi. Shekara biyu bayan haka, a watan Maris na 2015, kamfanin Orange ya sanar da wata waya mai suna Klif da ke aiki da wannan manhaja, mai ɗaukar layi biyu, a kan kuɗin da bai wuce Yuro 35 ba, wato wajen jika 23 na sefa, haɗe da kira da saƙo da intanet na ƴan watanni. Ƙasashe 13 aka ambata, Nijar na ciki, tare da Mali da Senegal da Kamaru.

A watan Disamba na wannan shekara ta 2015, wata tara kacal bayan sanarwar, Mozilla ta ce ta daina ba kamfanonin waya wannan manhaja. A 2016 ta rufe aikin baki ɗaya.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi. Injiniyan da ya sayi Keon a Madrid ya san abin da ya saya. Yana da wata wayar a aljihu, yana da kwamfuta, yana da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma in wayar ta ƙi aiki, wannan ƙin shi ne abin da ya biya kuɗi don ya gani. Shi kuwa manomin da zai fitar da jika 23, wata ƙila bayan ya sayar da akuya, wayarsa ke nan ɗaya tilo, ba kuwa gwaji ya zo yi ba. Daɗin daɗawa, kamfanin WhatsApp bai taɓa yi wa Firefox OS manhajarsa ba, alhali kuwa a karkarar da masu karatu da rubutu ba su da yawa, saƙon murya shi ne wasiƙa, da shi ake gaida ɗa da ke ci-rani a Agadas ko Legas ko Libiya. Wayar da ba ta kai wannan saƙo, kome arharta, ta yi tsada. Shi ya sa Tecno da Itel, na kamfanin Transsion na Sin, suka cinye kasuwa ba tare da sun yi wa kowa wa'azin ƴanci ba: batir mai daɗewa, layi biyu, da kayan gyara a kowace rumfa. Maganar batir ba ƙarama ba ce a jihar da wutarta ke zuwa daga Katsina. Kowa na tune da yadda Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024.

Duk da haka, kuskure ne a yi wa buɗaɗɗiyar waya dariya a wuce. A dubi masu gyaran salula na kasuwannin Maraɗi da kewaye, matasan da galibinsu a bakin aiki suka koya, da ƙarfen narka dalma da gilashin ƙara gani. Wancan gyaran ƙugi na FreeRunner, da aka riƙa sa rana a Turai dominsa, aikin ɗan lokaci kaɗan ne a hannunsu. Abin da ke ɗaure musu hannu shi ne rufi: kamfanoni ba su ba da zanen cikin waya, sai dai a yi lalube, a cire daga matacciya a sa wa mai rai, in kuma ciwon na manhaja ne, sai a wanke wayar a yi fatan alheri. Openmoko kuwa ta wallafa zanen cikin wayarta har da na gangar jikinta, kowa ya ɗauka kyauta. Wannan shi ne abin da mai gyara ke nema. Amfanin buɗewa ga mai hannu yake zuwa da farko, daga gare shi ne yake isa ga mai waya. Haka ma maganar harshe: saboda manhajar Firefox a buɗe take, masu sa kai suka fassara ta zuwa Fulatanci da Sonrai ba tare da sun jira wani kamfani ya ga riba a ciki ba.

Saboda haka wurin wayar gwaji a jihar nan shi ne teburin ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da makarantun koyon sana'a, da rumfunan masu gyara, inda lalacewarta darasi ne, ba asara ba. Kai ta hannun manomi kafin ta nuna, da sunan arha, ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin gwajin da ba shi ya ƙirƙiro ba ne.

Ita dai Firefox OS ba ta mutu murus ba, kuma buɗewar ce ta cece ta. Wani kamfani ya ɗauki abin da Mozilla ta bari ya gina KaiOS a 2017, domin ƙananan wayoyi masu maɓallai. A kanta Orange ya fitar da waya mai suna Sanza a 2019, a kan kimanin dala 20, ya fara da Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa. A ƙarshen wannan shekara ne kuma Orange ya sayar da reshensa na Nijar ga Zamani Com, ya bar ƙasar.