Jan ƙarfen da ke injinan ban ruwan Kura ba na wasa ba ne

A gonakin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir, tsadar fetur ta sa wasu manoma sun koma ga injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana. A cikin kowane irin wannan inji akwai naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, kuma ba a Kano aka haƙo ƙarfen ba.

Dalilin yana can ƙarƙashin ƙasa. Ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manyan faya-fayan dutse masu motsi a hankali. Idan faifan da ke ƙarƙashin teku ya haɗu da na nahiya, yakan nutse a karkace. Amma wani lokaci sai ya shimfiɗe a ƙarƙashin nahiyar kamar tabarma. Ruwan da ke jikinsa ya riƙa tasowa, ya sa duwatsun da ke samansa su narke. Daga narkakken dutsen ne ruwan zafi mai gishiri ke kwaso jan ƙarfe, ya zuba shi cikin tsagogin duwatsu.

Haka wasu masana ke bayanin ma'adinan jihar Arizona, mai samar da fiye da rabin jan ƙarfen Amurka. Ita ma Chile, wadda ta fi kowace ƙasa haƙo shi, arzikinta ya samo asali ne daga faifan Nazca da ke shigewa ƙarƙashin Kudancin Amurka.

Duwatsun Kano kuwa tarihinsu daban ne. Na Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa sun taso ne a tsakiyar nahiya, nesa da inda faya-fayai ke haɗuwa, kuma da kuza da tutiya aka san su. Ko a da can ma, daga nesa jan ƙarfe ke zuwa ƙasar Hausa: a 1353 Ibn Battuta ya tarar ana sarrafa shi a Takedda da ke Nijar ta yau, ana kai shi Gobir da Borno.

Saboda haka, duk wayar da aka yanke a gona, duk taransifomar da aka farfasa aka kai wa 'yan jari-bola, asara ce da sai an nemo kuɗin waje kafin a mayar. Ya kamata gwamnatin jiha ta yi wa masu sayen tsohon ƙarfe rajista, ta kuma wajabta musu rubuta sunan duk wanda ya kawo musu waya. Ƙungiyoyin manoma su sa ido kan kayan ban ruwansu tun kafin noman rani ya kankama.